Jarumi ɗaya ne naka: ladubban wasan kwaikwayo cikin jama'a a gem na intanet

Idan ka shiga dandalin jama'a a gem na intanet da niyyar wasan kwaikwayo, abu ɗaya ne naka a wurin, wato jarumin da ka ƙirƙira. Kai ke da bakinsa da hannunsa da tafiyarsa. Sauran da kake gani suna kai-kawo, mai sulken da ke tsaye a bakin ƙofa, makaɗiyar da ke kusurwa, ɗan sandan da ya tsayar da mota a gefen titi, kowannensu akwai mutum zaune a bayansa wanda ya ware lokacinsa ya zo, kuma shi ne mai iko da nasa. Kusan duk rigimar da na gani a wannan harka daga nan take tasowa: wani ya miƙa hannu ya taɓa abin da ba nasa ba.

Wasan da nake nufi shi ne wanda 'yan harkar ke kira RP: ka yi magana da bakin jarumin, ka yi aiki da hankalinsa, kamar duniyar gem ɗin ce duniyarsa ta gaskiya. Abin da jarumi ya faɗa ko ya aikata suna ce masa IC, ni zan riƙa cewa cikin labari. Abin da kai ɗan wasa ka faɗa da bakinka kuma OOC, wajen labari kenan. Jarumai biyu na fi daɗewa da su: wata tsohuwa mai haɗa magunguna a World of Warcraft, sabar Argent Dawn ta Turai (saba ita ce kwafin duniyar gem da rukunin 'yan wasa ke haɗuwa a ciki), da wani direban tasi a ɗaya daga cikin sabobin FiveM, manhajar da jama'a ke buɗe sabobinsu na GTA V da ita. Ita da rubutu ake jan ta, shi da murya, amma ladabin guda ne.

Kafin ka buɗe baki

Baƙo ko da ido makaho ne, don haka daren farko na kallo ne. Kowace saba da dokarta. A sabobin FiveM dokokin suna rubuce a zaurensu na manhajar hira ta Discord, wasu kuma irin su NoPixel ba ka shiga sai ka cika takardar nema an tantance ka. Karanta su duka, domin abin da aka halatta a nan zai iya sa a kore ka a can: wata sabar ta keɓe asibiti da ofishin 'yan sanda ta ce ba a zare makami a cikinsu, wata ba ruwanta. A World of Warcraft da Final Fantasy XIV kuwa mafi yawan dokokin ba a rubuce suke ba, jama'ar wurin ne suka gina su tsawon shekaru, sai ka zauna cikinsu za ka gane. Je ka Cathedral Square a birnin Stormwind na World of Warcraft, ko masaukin Quicksand a Ul'dah na Final Fantasy XIV idan kana sabar Balmung ko Mateus, ka sami kujera ka yi ta karanta abin da ke wucewa a akwatin hira. Duba tsawon rubutunsu, duba ko da raha suke wasa ko da ɗaure fuska, duba yadda suke karɓar wanda ya shigo.

Akwai alamomin da ke nuna wanda ke cikin labari. Final Fantasy XIV tana da tambarin RP da mutum ke kunnawa ya fito kusa da sunansa. 'Yan World of Warcraft suna ɗora ƙarin manhaja irin su Total RP 3 ko MyRolePlay, inda za ka ga kamannin jarumi, halin da yake ciki yanzu, har da abin da mai shi ya yarda da shi da wanda bai yarda ba. Alama mafi sauƙi ita ce tafiya: wanda ke cikin labari takawa yake yi, ba gudu ba tsalle-tsalle. Kai ma kafin ka shiga taro ka danna maɓallin tafiya, ka sauka daga abin hawanka, ka mayar da takobi kube.

Naka bayanin ka gajarta shi, abin da ido zai gani kawai: tsawo, shekaru, tabo, tufafi. Tarihin kakanni a ji shi daga bakin jarumin sannu a hankali. Kuma ka bi duniyar yadda aka gina ta. Wanda ya ce shi ɗan sarkin birnin ne da aka ɓoye, ko shi kaɗai ya kashe dodon da labarin gem ya ce runduna ce ta kashe, ya tilasta wa kowa ko dai ya yi masa mubaya'a ko ya ɗauke shi mahaukaci. Talaka mai sana'a ya fi sarki samun abokan hira. Tsohuwata ganye kawai take sayarwa, kuma da wuya ta rasa mai tsayawa a gabanta.

Abin da aka rubuta da umarnin /say (magana) ko /em (aiki) kowa na kusa yana gani, kuma an ɗauka jarumin da ke kusa zai iya ji. Amma ji daban, izinin tsoma baki daban. Mutum biyu da suka koma lungu suna magana ƙasa-ƙasa kan mutuwar ɗan'uwansu ba sa jiran mai barkwanci. Teburin mutum shida da ake ta shewa kuwa kusan kullum a buɗe yake. In ka kasa bambancewa, aika wa ɗayansu raɗa, wato saƙon da shi kaɗai zai gani: "Sannu da wasa, fagen nan a buɗe yake? Ina so jarumina ya zo ya tambayi hanya." Ban taɓa ganin wanda ya ji haushin wannan tambayar ba. In an ce a'a, ka ce ba komai ka wuce, kada ka tsaya gefe kana zuba musu ido.

In za ka shiga, shiga da dalili, ka kuma bar wa mutum abin kamawa. "Ya zauna kusa da ita ya ce sannu" bai ba ta komai ba. Ga yadda tsohuwata ta taɓa tunkarar wani:

"Ta tsaya ɗan nesa da teburin, kwandon ganye a hannu, tana duban ƙyallen da ke ɗaure a damtsen mai sulken. 'Yaro, wa ya ɗaure maka wannan?'"

Raunin ba ni na ƙirƙira masa ba, a bayaninsa na karanta. Yanzu yana iya godiya, yana iya fushi an kira shi yaro, yana iya ɓoye hannun, yana iya ba da labarin inda ya samo shi. Fushin ya zaɓa, kuma daga nan hira ta kankama.

Sai haƙuri. Akwatin hira na World of Warcraft harafi 255 kawai yake ɗauka a tashi ɗaya, shi ya sa za ka ga mutum ya ƙare layi da alamar + ko >>, ma'ana bai gama ba, ka dakata. Wani kuma ba da harshensa na gado yake rubutu ba, kalma yake nema. Shirun minti biyu ko uku ba wulakanci ba ne, kada ka jero saƙo huɗu kafin ya amsa ɗaya. In kun kai uku, a bi layi: wanda ya fara, mai bi masa, sannan kai, a zagayo. A cunkoso ka taƙaita rubutu, ka kuma nuna wanda kake wa magana, "ta juya ga mai jar hula", domin layuka gudu suke yi, kuma sau da yawa wanda kake zaton ya share ka bai ma ga saƙonka ba. Sake gwadawa sau ɗaya. In shiru ya ci gaba, nemi wani teburin.

Yunƙuri naka, sakamako nasa

Nan gizo ke saƙar. Ka rubuta abin da jaruminka ya yunƙura ya yi, ka tsaya. Abin da ya sami jikin wani, mai jikin ne zai rubuta. "Ya naushe shi a muƙamuƙi ya sumar da shi" ƙwace ne. "Ya dunƙule hannu ya kai naushi yana nufin muƙamuƙinsa" tayi ne. 'Yan harkar suna kiran na farkon godmoding ko powergaming, kuma ba laifin da ya fi shi sa a guje ka.

Dokar ta girmi waɗannan gem na intanet masu hoto. MUD na farko, wanda Roy Trubshaw da Richard Bartle suka gina a Jami'ar Essex ta Ingila tun daga 1978, duniya ce ta rubutu zalla, inda abin da aka rubuta shi ne abin da ya faru. A 1993, a wata duniya irin wannan mai suna LambdaMOO, wani mai jarumi Mr. Bungle ya yi amfani da wata 'yar tsana ta manhaja da ke ba shi damar rubuta aiki da sunan wasu, ya sa jaruman mutane suna aikata batsa da abin ƙasƙanci a falon da kowa ke taruwa, masu su suna kallo ba yadda za su yi. Ba a taɓa jikin kowa ba, amma zafin da suka ji na gaske ne. Jama'ar wurin suka yi taro a kai, daga baya aka goge jarumin nasa. Duk lokacin da wani ya ce min "ai wasa ne kawai", wannan nake tunawa. Mutum ya shafe watanni yana gina jarumi, ya san yadda yake dariya da abin da yake tsoro; ka zo ka juya shi ba izini, ai mai shi ka taɓa.

Ba a faɗa kaɗai abin yake ba, kuma a nan ne masu kyakkyawar niyya suka fi kuskurewa. "Ya rungume ta" ƙwace ne ko da da ƙauna aka yi. "Ya buɗe hannuwa yana jiran ko za ta matso" shi ne daidai. "Kallonsa ya sa tsoro ya kama kowa" ƙwace ne, don ka yanke wa mutane abin da ke zuciyarsu. "Kin tuna ni? Ni ne mijinki na farko" ƙwacen tarihi ne, in ba ku shirya ba. Har magani: tsohuwata ba ta cewa ta warkar da rauni. Takan wanke, ta shafa, ta ɗaure, ni kuma in tambayi mai raunin a raɗa yadda yake so ya kasance, domin wataƙila yana son tabon, wataƙila jinyar nan ita ce labarin da ya tsara wa kansa na wata guda. A sabobin GTA akwai /me don aikin da ka yi, da yawa kuma suna da /do don bayyana halin da ake ciki ko yin tambaya. Likita zai rubuta "Me zan gani in na duba ƙirjinsa?", mara lafiya ya amsa. Tsari ne mai kyau, da ma kowane gem yana da shi.

Amma fa dokar kai ma ta hau kanka. Tunda an bar maka sakamako, sai ka yi adalci da shi. Jarumin da ya kauce wa kowane sara, ya hango kowane ɓarawo, ya gane kowace ƙarya, shi ma babakere ya yi. Bari a same ka, bari a yaudare ka. Wanda aka kayar yana da ramuwar da zai nema, da kunyar da zai ɓoye, da mai jinyar da zai saba da shi. Wanda ya yi nasara gida kawai zai tafi. In kun kasa daidaitawa ku jefa ƙuri'a: /roll a World of Warcraft yana ba da lamba daga 1 zuwa 100, Final Fantasy XIV ma tana da /random. Ku yarda tun farko cewa mai babbar lamba ya ci, da kuma bugu nawa ke ƙare faɗan.

Mutuwa ta dindindin, yanke gaɓa, da duk abin da zai sauya jarumi har abada, a mafi yawan wurare sai da yardar mai shi. Sai dai kada ka fake da wannan. Wanda ya zagi shugaban 'yan daba a gaban yaransa sannan ya ce "ban yarda a taɓa ni ba" ya ci amanar wasan. A sabobin GTA akwai dokar daraja rai: an ɗora maka bindiga a ka, ba ka da makami, to ka ɗaga hannu kamar mai rai ɗaya. An sha yi wa direbana fashi, kuma daren da na fi so shi ne wanda ya yi ta roƙo muryarsa na rawa, yana ba su labarin bashin motar, har 'yan fashin suka ƙare da ba shi kuɗin mai. Su ma sun san aikinsu: sun yi magana, sun ba ni damar yin wani abu. Harbin mutum ba magana ba dalili shi ake kira RDM, banke shi da mota VDM, kuma kusan kowace saba tana hukunta duka biyun.

Sunan da ke yawo a saman kan mutum, kai ka gan shi, jaruminka bai gani ba sai an gaya masa. Haka abin da ka karanta a Discord, ko ka gani a Twitch lokacin da wani ke haska wasansa kai tsaye, ko abin da ɗayan jaruminka ya ji jiya. Shigo da ilimin waje cikin labari shi ne metagaming. Kauce masa da wuya, musamman in ka san mutumin da ke miƙo wa jaruminka kofi maci amana ne. To ka sani, ka bar jarumin ya karɓa ya sha, daɗin wasan kenan.

Akwai wata 'yar dabara da na tsana ƙwarai, zagi ta hanyar tunani: "Ya dube ta yana tunanin bai taɓa ganin wawiya irinta ba." Mai jarumar ta karanta ta ji zafi, amma jarumarta ba ta ji komai ba, don haka ba ta da hanyar ramawa. Jifa ne a ɓoye hannu. In jaruminka ya raina mutum, ya yatsine fuska, ya ja tsaki, ya kau da kai, ko ya faɗa da baki. Wannan ana iya amsa shi.

Taro, da abin da ba na dandali ba

/yell da /shout suna kaiwa nesa, a bar su don gobara da yaƙi da sanarwa. Kada ka yi ta sakin sihiri mai walƙiya cikin ɗaki, kada ka tsayar da ƙatuwar dabbar hawa a kan mutanen da ke zaune. A gem na murya ka sa makirfo ya zama sai an danna, ka rage zangon muryarka in ku biyu ne, ka kashe talabijin da ke bayanka, ka bar mai magana ya kai aya, domin murya ba ta da layin da za a koma a karanta.

Abin da ya fi waɗannan ɓarna shi ne son a-sani. Ana bikin auren wasu jarumai da aka shafe wata ana shiryawa, sai ga wani ya faɗo jina-jina yana ihu a cece shi. Ana hira lafiya a masauki, sai wani ya zare wuƙa ba gaira ba dalili don ido ya dawo kansa. Tashin hankali a bainar jama'a yana tilasta wa kowa ya bar nasa ya kula da naka, tunda jarumin kirki ba zai ga ana yanka mutum ya ci gaba da hirarsa ba. In taro ne mai masu shiri, su za ka tambaya tukuna, sau da yawa da murna za su ba ka lokacin da ya dace. In ba haka ba, ja rigimarka lungu ko bayan gari, mai so zai biyo.

Kada kuma ka ɗauka duk abin da gem ya ba ka ikon yi ya dace. A 2006, a sabar Illidan ta World of Warcraft, abokan wata 'yar wasa da ta rasu a gaske sun shirya mata taron makoki a yankin Winterspring, suka sanar a fili, suka roƙi a bar su. A lokacin sabar ta faɗa tsakanin 'yan wasa ce, yankin kuma ba shi da kariya. Wata ƙungiya mai suna Serenity Now ta afka musu ta karkashe jarumansu, aka ɗauki bidiyo aka yaɗa. Tsarin gem bai hana ba, shi ya sa aka daɗe ana muhawara a kai. Ni ban ga abin muhawara ba, mutane ne ke jimamin mutum. Masu shirya taro kuma su kiyaye, su zaɓi wurin da gem ɗin kansa ke ba da kariya.

Ana buƙatar miyagu, labarin da kowa mutumin kirki ne ba ya tafiya. Amma mai jan mugun jarumi shi ya kamata ya fi kowa ladabi a wajen labari. Kafin ka tare wadda ba ka sani ba, ɗan saƙo: "Jarumina ɗan damfara ne, zai yi ƙoƙarin cutar taki, kin yarda?" Bayan an gama, wani saƙon: "Na gode, wasanki ya yi kyau." Kai ma in aka zagi jaruminka, ka tuna ba kai aka zaga ba. In ka ji zuciyarka ta fara tafasa da gaske, tashi ka sha iska, domin wanda ya daɗe cikin jarumi fushin jarumin yakan tsallako masa. Haka soyayya. Don jarumai biyu suna son juna ba ya nufin masu su suna yi, kuma bai ba ka ikon tambayar hoto ko lambar waya ko inda mutum yake zaune ba, balle kishin wanda ya yi wasa da shi jiya.

Wasu abubuwan ba na dandali ba ne ko da ku biyun kun yarda: batsa, fyaɗe, kashe kai, azabtarwar da aka zayyana filla-filla. Sabobi da yawa sun hana wasunsu ko a ɓoye. Ba ka san wa ke karantawa ba. World of Warcraft a Turai tambarin 'yan shekara 12 zuwa sama ke kansa, Roblox kuwa, inda gem ɗin wasan kwaikwayo na Brookhaven yake, cike yake da yara ƙanana. Masaukin Goldshire a sabar Moon Guard ya yi ƙaurin suna kan batsa a fili har a 2010 kamfanin Blizzard, mai World of Warcraft, ya ce ma'aikatansa za su riƙa sintiri a wurin. In ka yi zargin wanda kake wasa da shi yaro ne, yanke duk wani zancen soyayya nan take, ba sai ka tabbatar ba. Gabar ƙabilun cikin labari, irin ta elf da orc, ana yin ta. Kalmar cin mutuncin launi ko addini ko ƙabilar mutanen duniyar gaske kuwa ba ta zama wasa don an sa ta a bakin jarumi.

Kowa yana da ikon cewa a tsaya ba tare da ya kawo hujja ba. In aka rubuto maka ((don Allah mu sauya hanya)), ka sauya, kada ka tambayi dalili. Wannan baka ruɓi biyu ita ce alamar magana wajen labari a gem na rubutu, kuma a fili a taƙaita ta: ((ina zuwa, minti biyar)). Hirar ƙwallo da gardamar doka a kai su raɗa ko Discord. A sabobin murya da yawa ba a fita daga labari sam, wanda gem ɗinsa ya tsinke sai ya dawo ya ce kansa ne ya sara.

Ku tsofaffin hannu, wannan naku ne. Sabon shiga zai kira sunan da ba a gaya masa ba, zai rubuta cewa ya naushe ku kun faɗi. Kada ku kunyata shi a fili, kada kuma ku yi kamar ba ya nan. Ku mayar da ƙwacen tayi: ka rubuta ka ja da baya naushin ya gogi kafaɗarka, ka ci gaba, daga baya ka bi shi da raɗa mai taushi. Wanda kuma ke tsaye a gefen da'ira ya yi minti goma bai ce uffan ba, yawanci nauyi yake ji, sai jaruminku ya juya ya tambaye shi ra'ayinsa.

Fita ma da ladabinta. Kada ka ɓace mutum na tsakiyar magana. Ba jaruminka dalili, ya miƙe ya yi ban kwana, ya taka ya ɓace wa ganin jama'a, sannan ka kashe. In intanet ta yanke maka, da ka dawo ka aika saƙo. Fita da gangan don gudun kamu ko fashi babban laifi ne a sabobin GTA, combat logging suke ce masa. A gem na rubutu ba mai hukunta ka, sai dai ba za a sake gayyatarka ba.

In wani ya karya doka a kanka, kada ka tsayar da fage ka buɗe shari'a a tsakiyar titi. Mafi yawan sabobin FiveM suna so ka ƙarasa fagen sannan ka kai ƙara. Ɗauki hoto ko bidiyon da ya nuna abin da ya faru kafin da bayan, rubuta lokacin, ka kai wa masu kula, ka faɗi yadda aka yi ba zagi ba ƙari. Banda cin zarafi na batsa, barazana, ko bibiyar da ta fita daga gem, wannan ba a ƙarasa masa fage. Fita nan take, toshe shi da /ignore a World of Warcraft ko /blacklist a Final Fantasy XIV, ka kai rahoto ga masu sabar da kamfanin gem ɗin, hotunan kuma ka adana su ko bayan an rufe ƙarar, domin irin waɗannan sukan dawo da sabon suna.